Muhawara: Tsari ne ya kashe gasar ƙwallon ƙafa ta Sikotland, ko dama can ta ƙungiya biyu ce?

Auta: Jama'a, ni fa na gaji da musun jiya. Gasar da daga 1986 zuwa 2025 ba wanda ya ɗauki kofinta sai Celtic ko Rangers, ita ma sunanta gasa? Shekara 40! Ai gara a jefa kwabo sama, wanda ya ci a miƙa masa, kowa ya huta.

Baban Ummi: Auta, lissafinka daidai ne, fahimtarka ce ta gaza. Ni na ji Aberdeen a rediyo a 1983 lokacin da ta doke Real Madrid 2-1 ta ɗauki kofin Turai na masu riƙe da kofunan ƙasashensu, Alex Ferguson na kocinta. Ta ci gasar gida a 1980 da 1984 da 1985. Dundee United ta ci a 1983, a 1987 kuma ta doke Barcelona gida da waje. Ba haka Allah ya halicci gasar nan ba. Mutane ne suka zauna suka tsara ta yadda manya biyu za su danne sauran, kashin dankali. Maganata ke nan: tsari ne ya kashe ta.

Ticha: Baba, a gafarce ni, zan ja da kai. An kafa gasar a 1890. A kakar farko Dumbarton da Rangers suka yi kunnen doki har a wasan raba gardama, aka raba musu kofin. To amma duba daga 1905 zuwa 1947: sau ɗaya tak wata ƙungiya ta ƙwace kofin daga hannun mutanen Glasgow biyun nan, Celtic da Rangers, wato Motherwell a 1932. A lokacin babu talabijin, babu tsarin da kake kuka da shi, ƙungiyoyin rukunin galibi 18 zuwa 20 ne. Wa ya danne wa a lokacin? Zamanin Ferguson da kake tunawa shi ne baƙon abu.

Baban Ummi: Ticha, ka yanko tarihi daidai inda ya yi maka daɗi ka tsaya. Ci gaba mana. Daga 1948 zuwa 1965 Hibernian ta ci sau uku, Hearts sau biyu, Aberdeen a 1955, Dundee a 1962, Kilmarnock a 1965. Kofi takwas ke nan cikin kaka 18. Celtic ɗin da kuke tsoro sau ɗaya ta ci a duk tsawon wannan lokaci, a 1954.

Ticha: Na karɓi wannan. Amma me ya biyo baya? Jock Stein ya zo Celtic, ta ci tara a jere daga 1966 zuwa 1974, ta haɗa da kofin Turai a Lisbon a 1967. Wannan danniyar ce ma ta sa a 1975 aka rage rukunin sama zuwa ƙungiya 10, kowace ta haɗu da kowace sau huɗu. Kuma a ƙarƙashin wannan tsarin Aberdeen da Dundee United suka yi tashe. Kenan tsarin da kake zagi shi ya haifi zamanin da kake yabo.

Mai Gidan Kallo: Ku dakata, ni dai a yi mini bayanin rabuwar teburin nan. Wani yaro ya taɓa nuna mini tebur a waya, ta bakwai ta fi ta shida maki amma tana ƙasanta. Na ce masa wayarsa ce ta lalace.

Ticha: Wayarsa ƙalau, Alhaji. Tun shekarar 2000 ƙungiya 12 ne a rukunin sama. In kowace ta haɗu da kowace sau huɗu wasa 44 ke nan, ya yi yawa. Sai aka ce a yi zagaye uku, wasa 33, sannan a tsaga teburin gida biyu: shida na sama su kara da junansu sau ɗaya, shida na ƙasa ma haka, jimilla 38. Da zarar an tsaga, ba mai tsallaka iyaka. Ta bakwai ko ta cinye wasanninta biyar, ta bakwai ce.

Mai Gidan Kallo: Ikon Allah. To wa ya ƙirƙiro wannan lissafin dokin rano?

Baban Ummi: Yawwa Alhaji, ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Me ya hana a yi ƙungiya 16 ko 18, gida da waje, kamar kowa? Saboda masu haska wasa a talabijin suna son Celtic da Rangers su haɗu sau huɗu a kaka, su kuma ƙananan ƙungiyoyi suna son baƙuncin magoya bayan manyan nan don kuɗin tikiti. Yanzu ka yi tunani: ƙungiya kamar Hearts in tana neman kofi sai ta yi wasa takwas da su biyun. A gasa mai ƙungiya 18, wasa huɗu kawai za ta yi da su. Ba ƙaramin bambanci ba ne. Ga maganar kuɗin ƙofa. A da ana raba shi tsakanin mai gida da baƙo. A farkon shekarun 1980 aka ce mai gida ya riƙe nasa. Filin Celtic yana cin mutum kusan 60,000, na Rangers kusan 50,000, na Aberdeen wajen 20,000. Ka ga wanda wannan doka ta yi wa aiki. Sai 1998, ƙungiyoyin sama suka ɓalle suka kafa tasu gasar mai suna SPL don kuɗin talabijin ya tsaya a tsakaninsu, daga baya kuma suka sa ƙa'idar cewa manyan sauye-sauye sai ƙungiya 11 cikin 12 sun yarda. Ma'ana in Celtic da Rangers suka haɗa baki, magana ta mutu. Ticha, wannan ma tarihi ne ya yi shi?

Ticha: Ƙa'idar 11 da 1 kam ba zan kare ta ba. Sai dai ga abin da zai ɓata maka rai, Baba. A 2012 da Rangers ta fita daga rukunin, aka samu damar sauya ƙa'idar. Wa ya haɗa kai da Celtic aka toshe? Aberdeen ɗinka. Kowa yana zagin danniya ne har ranar da ya hango shi ma zai hau sama.

Baban Ummi: Wannan ta same ni. Ba ni da ta cewa a kanta.

Ɗan Kaduna: Ni a wannan lokacin na fara bin gasar, saboda ɗan garinmu Efe Ambrose da ya je Celtic a 2012. Kuma a nan nake ganin maganar Baba ta yi rauni. Rangers ta durƙushe da bashi, aka mayar da ita rukuni na huɗu, ba ta dawo sama ba sai 2016. Kaka huɗu ɗaya daga cikin dodannin biyu ba ta nan. Wa ya ci kofi? Celtic, duka huɗun. Motherwell da Aberdeen sai dai su zo na biyu daga nesa. In tsarin mutum biyu ne matsalar, ai da wani ya samu ƙofa a lokacin.

Baban Ummi: Ɗana, wanda aka ɗaure shekara 30 ba ya tashi da gudu ranar da aka kwance shi. Tazarar kuɗin ta riga ta yi nisa.

Ticha: To ai ka dawo kan maganata: kuɗi. Kuma kuɗin ba daga dokar gasa kaɗai ya zo ba. A 1986 Graeme Souness ya karɓi Rangers, lokacin an hana ƙungiyoyin Ingila wasannin Turai bayan turmutsitsin da ya kashe 'yan kallo a filin wasa na Heysel a 1985, ya ɗauko irin su Terry Butcher da Chris Woods daga Ingila da albashin da Aberdeen ba za ta iya ba. A shekarar ce Ferguson ya koma Manchester United. Daga baya kuɗin gasar zakarun Turai ya shigo, wanda ya je sau ɗaya ya samo abin da ya fi ladan cin gasar gida nesa ba kusa ba. Ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan 6 ba, kuma ko a garuruwan da ke da tasu ƙungiyar za ka ga motoci cike da magoya baya sun nufi Glasgow ranar wasa, saboda gadon addini da siyasa da ke bayan ƙungiyoyin biyu. Wane tsari ne zai gyara wannan?

Auta: Duk kun yi ta zagaye kun dawo inda na tsaya. Ko tsari ne ko kuɗi, sakamakon ɗaya.

Ɗan Kaduna: A'a Auta, kai rainin wayo kake yi, su kuma dalili suke nema. Bayern ta ci 11 a jere a Jamus ba ka ce a rufe gasar ba. Kuma wannan Rangers ɗin ta kai wasan ƙarshe na Europa a 2022, Joe Aribo ya ci ƙwallo, Calvin Bassey ya yi wasan da aka daɗe ana maganarsa, a fenariti Frankfurt ta tsira. Kofunan sili ɗaya ƙwale kuwa suna zagawa: St Johnstone ta haɗa biyu a 2021, Aberdeen ta doke Celtic a 2025.

Auta: Jamus ai Leverkusen ta karya a 2024. Ingila ta ga Leicester a 2016. Ku nuna mini naku.

Baban Ummi: Saura ƙiris ka gani a 1986. Hearts kunnen doki kawai take nema a wasan ƙarshe a gidan Dundee. Ana saura minti bakwai wani Albert Kidd da ya shigo canji ya zura mata, ya ƙara ta biyu, Celtic kuma ta ci St Mirren 5-0 ta ɗauke kofin da bambancin ƙwallaye. Ticha, ga tambaya ɗaya. Tun 2013 da aka haɗe SPL da ƙananan rukunai aka zama SPFL, ƙungiya 42 ne a rukuni huɗu, 12 a sama, goma-goma a sauran ukun. In tsarin ba ya kare kowa, me ya sa duk lokacin da aka kawo shawarar faɗaɗa rukunin sama take mutuwa a wajen ƙuri'a?

Ticha: Saboda ƙananan ma suna tsoron a rage musu kaso. Ba Celtic da Rangers kaɗai ke ƙi ba.

Baban Ummi: Madalla. Kenan akwai abin da za a iya sauyawa, ana ƙi. Ni iyakar da'awata ke nan.

Ticha: Za a iya sauyawa, amma ban yarda zai ba Hearts ko Aberdeen kofi ba. Nan muka rabu.

Mai Gidan Kallo: Kafin ku watse, zuwa 2025 an ce Celtic da Rangers kowace tana da kofi 55. Wani ɗan Celtic da ke zuwa wajena ya ce na Rangers ɗaya ne tak, na 2021, wai sauran 54 na tsohuwar ƙungiyar da ta mutu a 2012 ne.

Ɗan Kaduna: Alhaji don Allah kada ka tono wannan da daren nan. Hukumar gasar dai 55 take ƙirga musu. A bar shi sai gobe, wayata saura kashi 4.