Kishin ƙasa ne ko amana ce ke sa mutane su yarda a tallafa wa talaka da harajinsu?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum. Akwai abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai. A Denmark, harajin da gwamnati ke karɓa ya haura kashi 40 cikin ɗari na arzikin da ƙasar ke samarwa a shekara, kuma jama'a sun amince da hakan, alhali a Amurka bai kai kashi 30 ba, amma kullum ana taƙaddama a kan tallafin marasa galihu. Mene ne tushen wannan bambanci?

Malam Ibrahim:
Wa alaikumus salam. A shekarar 2004, masana tattalin arziki Alberto Alesina da Edward Glaeser sun nuna cewa bambancin launin fata da ƙabila shi ne ya jawo kusan rabin tazarar da ke tsakanin Amurka da Turai a wannan fanni. Mutum yana sakin hannu ne idan yana ganin mai karɓa nasa ne. Ka duba Birtaniya: rahoton Beveridge, wanda ya tsara yadda gwamnati za ta tallafa wa jama'a, ya fito a 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da mai kuɗi da talaka ke ɓuya daga bama-bamai a rami ɗaya, sannan aka kafa hukumar lafiya ta kyauta a 1948.

Hajiya Rabi:
Malam, ban ƙi taka ba, amma ina ganin ka bai wa kishin ƙasa matsayin da ya fi ƙarfinsa. Masanin tattalin arziki Moses Shayo ya nuna a 2009 cewa talakan da ya fi alfahari da ƙasarsa sau da yawa ya fi ja da baya wajen goyon bayan rabon arziki, domin yana kallon kansa a matsayin ɗan ƙasa kafin ya tuna cewa shi ma mabuƙaci ne. Abin da ya fi damuna shi ne hannun da ke karɓar kuɗin. Duk yadda mutum ke ƙaunar maƙwabcinsa, idan ya tabbata cewa harajinsa zai maƙale a aljihun jami'i kafin ya isa asibiti, ba zai bayar da zuciya ɗaya ba, kuma ba na ganin laifinsa. Wannan ita ce hujjar Bo Rothstein, masanin kimiyyar siyasa na Sweden, cewa hukuma mai adalci ce ke haifar da amana tsakanin jama'a.

Mai Neman Sani:
Na gode, Hajiya. Ke nan shi ya sa Kanada, duk da yawan baƙin da take karɓa, ta riƙe tsarinta na kula da lafiyar kowa?

Hajiya Rabi:
Haka nake gani. A can ana shigar da baƙi cikin tsarin ne a matsayin masu biyan haraji kamar kowa.