Manhaja ta sabunta kanta da dare, ba ta sake tashi ba

Mai shagon firinta: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina da wata manhaja da ke karɓar takardu daga wayoyin kwastomomi ta miƙa wa firinta. Sau biyu ke nan tana sabunta kanta cikin dare, ta rufe, ta yi kwanciyarta. Da safe kwamfuta a kunne, firinta a kunne, kwastoma na rantsuwa ya turo, amma shiru kake ji. Yaron shago har waya ya canza kafin mu gano inda gizo ke saƙa. Akwai wanda ya taɓa gamuwa da haka?

Baban Yara: Wa alaikumus salam. Ni tawa matsalar akasin taka ce. Na bar karatun tafsiri a buɗe na kwanta, kwamfuta ta yi sabuntawa ta sake kunnuwa, ta dawo da duk abin da na bari. Ƙarfe uku na dare muka ji murya daga falo, uwargida ta ce wallahi mutum ne ya shigo. Washegari na shiga Settings na Windows, Accounts, Sign-in options, na kashe maɓallin da ke sake tayar da manhajoji bayan an shiga. Tun daga ranar muke barci lafiya.

Mai rubuta manhaja: Malam mai shago, maɓallin Baban Yara ba zai yi maka magani ba, tunda kwamfutarka ba ta mutu ba, manhajar ce kawai ta rufe. Ni ma na taɓa yi wa mutane wannan ɓarnar da hannuna. Da Inno Setup nake haɗa fayil ɗin girkawa, kuma a layin da ke buɗe manhaja bayan an gama na bar kalmar skipifsilent. Ma'anarta: in girkawar ta shiru ce, kada a buɗe komai. Ni kuwa sabuntawata duk da /VERYSILENT take tafiya, wato umarnin girkawa ta shiru. Na cire kalmar, magana ta ƙare.

Akwai kuma /RESTARTAPPLICATIONS, umarnin sake tayar da manhajojin da aka rufe lokacin girkawa, amma kada a ruɗe ka. Yana dogara ne da Restart Manager, sashen Windows mai rufewa da sake tayar da manhajoji, da ya zo tun Windows Vista, kuma ba ya tayar da manhajar da ba ta yi rajistar kanta da RegisterApplicationRestart ba, wato ba ta sanar da Windows cewa a sake tayar da ita ba. Kwana biyu na yi ina zagin layin umarni, ashe laifin nawa ne.

Hajiyar ofis: Mu a ofishinmu mun fi son kada manhajarmu ta buɗe kanta bayan sabuntawa. Ta taɓa faɗowa kan majigi ana tsakiyar taro, da jerin albashin ma'aikata a fili. Kunya kamar ƙasa ta tsage.

Mai shagon firinta: Na gode ƙwarai. Na rubuta wa masu manhajar. Kafin su amsa, na sa Task Scheduler, mai tsara lokutan ayyuka a Windows, ya riƙa buɗe ta ƙarfe 7 na safe kullum. Yau dai ta tashi kafin yaron ya gama share shago.