Waƙafi mai ruwa (;) a rubutun Turanci: ina ake sa shi?

Ɗalibar Jidda:
Assalamu alaikum. Ina shirin jarrabawar IELTS ta gwajin ƙwarewar Turanci, kuma mai duba mana rubutu ya ja layi ƙarƙashin wannan jumlar: "I stayed home; because it was hot." A Larabci an koya mana a sa waƙafi mai ruwa kafin dalili. To ina matsalar take?

Malamin Turanci, Madina:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ƙa'idar Larabci ce kika kai inda ba ta aiki. A Larabci alamar tana shiga tsakanin zance da sababinsa, shi ya sa ake yawan ganinta kafin "li'anna", wato "saboda". Turanci bai damu da sababi ba, sharaɗinsa wajen haɗa jumloli ɗaya ne: abin da ke gabanta da abin da ke bayanta kowanne ya zama cikakkiyar jumla mai tsayuwa da ƙafarta.

Ga gwaji mai sauƙi. Cire alamar, ki sa aya a gurbinta. In ɓangarorin biyu sun tsaya, kin yi daidai. "Because it was hot" ba ya tsayuwa, mai karatu na jiran ci gaba. Ko dai ki rubuta "I stayed home because it was hot" ba wata alama, ko ki yar da because ɗin: "It was hot; I stayed home." Haka abin yake da although, while da if. Kafin and, but da so kuwa, waƙafi zalla ya isa.

Bakanon Riyad:
Malam ya gama magana a kan wannan. Inda ɗalibanmu suka fi faɗuwa shi ne however, therefore da moreover. Sai ka ga "The rent is high, however the flat is near the Haram." Kuskure ne, don however ba ya iya ɗaure jumla biyu kamar but. Daidai shi ne waƙafi mai ruwa kafinsa, waƙafi bayansa: "The rent is high; however, the flat is near the Haram." Amma in however ya faɗo tsakiyar jumla guda, kamar "The flat, however, is small", waƙafi biyu kawai ake sa masa.

A ganina, a Task 2, wato aiki na biyu a ɓangaren rubutu na IELTS, mai kalmomi 250 cikin minti 40, guda ɗaya ko biyu sun wadatar. Ba dole ba ne ma, aya ba ta taɓa jawo asarar maki in an sa ta daidai.

Ɗalibar Jidda:
Na gode, Allah ya ƙara ilimi. Kafin jerin abubuwa fa?

Mai gyaran rubutu, Makka:
A'a, hajiya, buɗe jeri aikin ruwa biyu (:) ne. Waƙafi mai ruwa yana shiga cikin jerin ne idan abubuwan da kansu suna ɗauke da waƙafi: "We have offices in Jeddah, Saudi Arabia; Kano, Nigeria; and Omdurman, Sudan." Ba don shi ba, sai a ɗauka wurare shida ne. Masu rubuta kundin digiri da salon APA na kawo manazarta ma da shi suke raba manazarta biyu a cikin baka guda.

Ki kula wajen bugawa. Ba a barin fili kafinsa, fili ɗaya bayansa, kuma kalmar da ta biyo ba ta ɗaukar babban baƙi sai in suna ce ko "I". Maɓallinsa yana dama da L. In kwamfutarki na kan Larabci, harafin kaf zai fito a wurin, waƙafi mai ruwa na Larabcin (؛) kuma mai kallon sama ne, bai dace da rubutun Turanci ba.