Laftof ɗina ta ƙi karɓar Windows 11, in saka Linux ko in haƙura in tara kuɗin wata?

Abban Khadija, Zariya

Assalamu alaikum ƴan uwa, don Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar kwamfuta. Ina da laftof HP EliteBook 840 G3, Core i5 ce, RAM ɗinta 4GB, London yus na saye ta yau kusan shekara biyar kuma wallahi ba ta taɓa ba ni matsala ba in banda batir da na canza sau ɗaya. To tun kwanakin baya take ta fito min da saƙo cewa an daina kula da Windows 10, na je in ɗaga ta zuwa 11 sai ta ce wai injin bai cika sharaɗi ba. Ni malamin makaranta ne, abin da nake yi da ita bai wuce buga tambayoyin jarrabawa a Word ba, da haɗa sakamakon ɗalibai a Excel, da daddare yara su kalli karatu da katun, uwargida kuma ta buɗe WhatsApp a kanta tana tura wa kwastomominta hotunan atamfa da leshi.

Wani abokin aikina ya ce in saka Linux, wato wata manhaja mai tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, kyauta ne kuma ba ya kama bairos, wani kuma ya ce kar in soma, abin ƴan kodin ne sai ka riƙa rubuta umarni a baƙin allo kafin ka buɗe ko da hoto. Kuɗin sabuwar laftof a yanzu kun san yadda yake, albashin wata nawa ne. Shin gaskiya mutum irina zai iya amfani da Linux ɗin nan? Takarduna na shekara biyar za su buɗe? Sannan me ya sa ake ba da shi kyauta, ni wannan ne ma ya fi tsaya min a rai, don na saba duk abin da aka ce kyauta ne akwai lauje cikin naɗi.

Sani mai gyara, Kano

Wa alaikumus salam Malam. Kwamfutarka lafiyarta ƙalau, wannan ka fara sa shi a ranka. Abin da ya faru shi ne Microsoft sun rufe tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, shi kuma Windows 11 yana son furosesan Intel, wato ƙwaƙwalwar injin, daga ƙarni na 8 zuwa sama da wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, taka kuwa ƙarni na 6 ce, shi ya sa ta ce a'a. Ba mutuwa Windows 10 ɗin zai yi ba, gobe ma in ka kunna zai tashi, sai dai in aka gano wata ɓaraka ta tsaro ba mai toshe maka ita. Sun ba da ƙarin wa'adi na shekara ɗaya zuwa Oktoba 2026 ga wanda ya yi rajista, amma ka ga wannan jinkiri ne kawai.

Maganar kyauta, babu wani lauje. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, shi ya fara rubuta zuciyar Linux a 1991 ya sake ta a intanet, kafin shi kuma tun 1983 Richard Stallman a Amurka ya fara aikin GNU da niyyar a samu manhajar da kowa zai iya duba cikinta, ya gyara, ya raba wa wani ba tare da an ce ya yi sata ba. Lasisin da suke amfani da shi ne ya tanadi haka. Kamar rijiyar unguwa ce, kowa ya ɗiba, masu iya yasa suna yasa. Kuma manyan kamfanoni suna biyan ma'aikata albashi su yi aiki a kai saboda su ma da shi suke tafiyar da sabobinsu, wato manyan kwamfutocin da ke riƙe da shafukansu na intanet, wayar Android da ke aljihunka ma a kan zuciyar Linux aka gina ta, ka ga kenan ka daɗe kana amfani da shi ba ka sani ba.

Ni wanda nake saka wa mutane irinka shi ne Linux Mint. An gina shi a kan wani nau'in Linux mai suna Ubuntu, shi kuma Ubuntu wani ɗan Afirka ta Kudu ne Mark Shuttleworth ya kafa shi a 2004. Dalilina na zaɓar Mint, in ka kunna za ka ga madannin menu a ƙasa hannun hagu, agogo a hannun dama, folda irin yadda ka saba, ba sai an koya maka daga farko ba. Mint 22 yana da tallafi har 2029. Iri uku ne gwargwadon fasalin allonsu, Cinnamon da MATE da Xfce, da RAM 4GB ni Xfce zan ce ka ɗauka don ya fi sauƙi a kan inji, in kuma za ka iya ƙara RAM ta zama 8GB to Cinnamon ya fi kyan gani. Baƙin allon da aka tsoratar da kai da shi yana nan, mu masu gyara muna sonsa, amma akwai Software Manager inda za ka danna ka sauke abu kamar yadda kake yi a Play Store.

Yanzu ga abin da nake so ka yi, kuma don Allah kar ka tsallake ko ɗaya. Ka fara kwashe takardunka da hotunan iyali kaf ka zuba a wani faifan ajiya na waje ko filashi daban, ka buɗe su a wata kwamfutar ka tabbatar sun kwafu. Na sha ganin magidanci ya zo shago idonsa ya yi ja saboda ya danna goge faifai gaba ɗaya bai karanta ba, hotunan suna da na biki duk sun tafi. Bayan nan ka sauke Mint daga shafinsu na asali, ya kusa 3GB don haka ka jira datar dare ko ka samu wajen da ke da wayfai, ka samo filashi mai 8GB ka ɗora Mint ɗin a kansa da manhajar Rufus ko ta balenaEtcher. Ka kashe laftof ɗin, ka soka filashin, ka kunna kana danna F9, a HP shi ne ke kawo jerin inda za a tashi. Mint zai tashi daga kan filashin nan ba tare da ya taɓa Windows ɗinka ba ko kaɗan. Ka yi kwana biyu uku kana gwadawa a haka, ka duba wayfai, sauti, kyamara, ka jona firintarka in kana da ita, ka buɗe takardunka. In bai yi maka ba ka zare filashi, shikenan kamar ba a yi ba. Zai ɗan yi nauyi a kan filashi, kar ka yanke masa hukunci da wannan.

Maman Sadiq

Malam Sani ya yi bayani mai kyau amma bari in faɗi ɓangaren da bai taɓo ba, don ni shagon buga takardu da fotokwafi nake da shi kuma na saka Mint a ɗaya daga cikin kwamfutocina uku. Abban Khadija Word da Excel ɗin da ka sani ba su hawa Linux kai tsaye, abin da za ka tarar a ciki LibreOffice ne, Writer a madadin Word, Calc a madadin Excel. Suna buɗe takardun Word kuma suna iya ajiyewa a docx, wannan ba ƙarya, amma takardar da ke da tebur da yawa ko akwatuna da hotuna wani lokacin sai ka ga layi ya zame, abin da yake shafi 4 ya koma 5. Ranar farko da wata ɗaliba ta kawo min furojet ɗinta na buɗe na ga teburin babi na huɗu ya rabe gida biyu, hankalina ya tashi, ashe rubutun Calibri ne babu a injin sai ya musanya da wani mai faɗi. Da ɗana ya saka min Carlito da Caladea, waɗanda faɗinsu ɗaya da Calibri da Cambria, sai yawancin matsalar ta kau. Kuma duk abin da za ka kai a buga maka a waje ka mayar da shi PDF tukuna, madannin yana nan a sama, ko'ina ka kai shi haka zai fito.

Inda ban samu yadda nake so ba shi ne CorelDraw. Katin biki, kalanda, sitika na walima, duk masu kawo min aiki da Corel suke zuwa, ana cewa Inkscape, manhajar zane da ke hawa Linux, yana yi kuma yana yi ɗin in daga farko za ka zana abinka, amma fayil ɗin wani ka buɗe ka gyara suna da kwanan wata cikin minti biyar mai aiki na tsaye a kanka, gaskiya ban iya ba. Shi ya sa biyu na bar su a Windows. To kai ba zane kake yi ba, wannan bai shafe ka ba.

Abu ɗaya da ya sa ba zan cire Mint daga waccan ɗin ba, ita ce nake soka duk filashin da aka kawo daga waje. Kun san bairos ɗin nan mai mayar da folda shotkot ya ɓoye maka takardu, a can sai in ga fayilolinsa a fili zaune ba abin da suke iya yi, in goge su in kwashe wa mutum takardunsa. Da kafin nan kusan duk wata uku sai an yi min fomatin.

Ibrahim, Damagaram

Sannunku da ƙoƙari. Baba Abban Khadija ni ɗalibi ne kuma shekara uku kenan Ubuntu kawai ke kan odinatata, wato kwamfutata, ina so in gyara magana guda, cewa Linux ba ya kama bairos kwata-kwata ba haka ba ne. Waɗanda aka rubuta domin Windows ne ba su aiki a kansa, kuma manhajoji daga rumbu ɗaya amintacce ake saukewa, ba kirak, wato manhajar sata, daga shafukan da ba a san mai su ba, wannan ne ke rage haɗari. Amma in aka turo maka linki na ƙarya ka rubuta lambar sirrinka ta banki, babu Linux ɗin da zai cece ka. Sabuntawa kuma ka riƙa yi, akwai ɗan hoton garkuwa a ƙasan allon Mint, in ya nuna alama ka danna. A Mint akwai Timeshift, ka kunna shi tun ranar farko, yana ɗaukar hoton tsarin yadda in wani abu ya lalace ka koma jiya.

Tunda malami ne kai akwai abin da zai yi maka daɗi, allon rubutu na Hausa yana ciki ba sai ka sauke komai ba. Ka shiga saitin kibod ka ƙara harshe ka nemi Hausa, za ka ga na Najeriya har da na Ghana, ƙ da ɗ da ɓ duk suna fita, akwai hoton da ke nuna maka inda kowane harafi yake. Mu nan injunanmu yawanci AZERTY ne irin na Faransa kuma a rubutunmu ƴ muke sawa inda ku kuke sa 'y, ina sauyawa tsakanin Faransanci da Hausa da danna maɓalli biyu. Wanda ya ce maka abin ƴan kodin ne kawai, jandarmomin Faransa sun daɗe da mayar da dubban kwamfutocin ofisoshinsu kan wani Ubuntu da suka gyara wa kansu, kuma rahoto suke bugawa a kai kamar yadda kake buga jarrabawa.

In wayfai bai fito ba lokacin gwaji kar ka karaya, ka jona wayarka da kebul ka kunna raba intanet ta USB, nan take zai kama, sai ka buɗe Driver Manager ya nemo abin da ya rage.

Abban Khadija, Zariya

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, na dawo da rahoto. Ranar Asabar na yi yadda Malam Sani ya ce, na kwashe komai tukuna, na tashe ta daga filashi. Wayfai ya kama da kansa, sauti ya fito, Firefox na ciki na buɗe wa uwargida WhatsApp ɗinta ta haɗa da wayarta ta ci gaba da tura hotuna, ba ta ma lura an canza wani abu ba sai da ta ga kalar allon. Takardun jarrabawa na buɗe guda goma sha biyu, goma sun fito daidai, biyu na lissafi masu alamomin kasafi sun ɗan motsa kamar yadda Hajiya Maman Sadiq ta faɗa. Wanda na fi jin tsoro shi ne babban fayil ɗin sakamako, aji uku, kowane ɗalibi da jimla da matsakaici da matsayinsa a aji, na canza makin yaro ɗaya daga 47 zuwa 74 don in gani, jimla ta canza, matsayinsa ya tashi daga na 19 zuwa na 11, na ce Alhamdulillah. Ibrahim na gode ƙwarai da maganar kibod, shekara da shekaru ina kwafo ƙ daga wata tsohuwar takarda ina liƙawa ɗaya bayan ɗaya duk lokacin da zan buga jarrabawar Hausa.

Abin da ya rage firinta ce, ta makaranta ce ba a gida take ba sai Litinin zan gwada. Sannan wajen sakawa na ga zaɓi biyu, a ajiye shi gefe da Windows ko a goge komai, faifan nawa 256GB ne kuma saura wajen 90GB, wanne ya fi?

Sani mai gyara, Kano

Madalla Malam. Ka ajiye shi gefe da Windows tukuna, ka ba Mint kamar 60GB ya ishe shi, duk lokacin da ka kunna za ta tambaye ka wanne za ka shiga. Ka bari sai an gama jarrabawar zangon nan an raba sakamako, in ka ga ka yi wata biyu ba ka leƙa Windows ba sai mu yi maganar gogewa. Ka tabbatar caja na jone kuma batir a cike kafin ka fara, kar a ɗauke wuta ana tsakiyar raba faifai. Firintar kuma ka turo min sunanta da lambarta ranar Litinin kafin ka jona.