Rage jet ɗin kabureta don tsimin banzin (man fetur): dabara ce ko kashe inji?

Mai madara na Gadarif: Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau dai zan faɗi abin da na gani da idona ko da ustoci, ya'ni makanikai, ba za su ji daɗi ba. Babur ɗina 150 ne ɗan China, irin mai injin CG ɗin nan da aka kwaikwayo daga Honda da ya cika gari, da shi nake ɗauko madara daga ƙauye zuwa kasuwar Gadarif kullum da asuba. Tun da yaƙin nan na Sudan ya ɓarke a 2023 banzin ya zama abin da ya zama, na ga ba zan iya ba, sai na sa aka cire min babban jet, ɗan bututun da mai ke bi a cikin kabureta, mai lamba 100 aka sa 88 mai ƙaramar huda, allurar kabureta ma aka sauke ta har ƙasa. Wata biyu ke nan, man da nake kwana uku da shi yanzu yana kai ni kwana huɗu kuma babur bai ce uffan ba. Don haka maganar wai rage jet yana kashe inji ni ban yarda da ita ba, kamfani ne kawai ke sa babba tunda ba shi ke sayen man ba.

Usta na Kassala: Wa alaikumus salam. Ƙanena kafin mu yi nisa, kwance fulogi ka gaya min launin bakinsa.

Mai madara na Gadarif: Na duba shekaranjiya Usta, fari ne tas kamar yau aka ciro shi daga kwali. Ai alamar lafiya ke nan.

Usta na Kassala: Subhanallahi. Wannan farin ba tsafta ba ce, wuta ce. Fulogi mai lafiya launin shayi da madara yake yi, in ya yi baƙi da toka mai ya yi yawa, in ya yi fari fat to iska ta rinjayi mai kuma cikin injin yana gasuwa. Injin nan fa ba shi da lagireto ba shi da ruwa, abu uku ne kawai ke sanyaya shi, iskar hanya da baƙin mai da kuma shi kansa banzin ɗin da ke shiga, don ɗan rarar nan da kake gani kamar asara shi ke ɗauke zafi daga kan fistin da bawul. Kai ka je ka yanke mishi shi, a ƙasar da watan Afrilu da Mayu zafi ke wuce digiri 40, kuma da jarkokin madara a baya. Wata biyu ba hujja ba ce, bawul ba ya ƙonewa rana ɗaya, a hankali yake ci.

Ɗalibin injiniya, Sinnar: Usta da girmamawa, amma maganar yayana ba duka ce ba daidai ba. Iska mai zafi ba ta da nauyin iska mai sanyi. In ka kwatanta iskar digiri 45 da ta digiri 20 za ka ga ta ragu da kusan kashi 8 cikin 100, ke nan a zafinmu kabureta da kanta tana karkata wajen yawan mai, tunda iskar da ke shiga ta ragu. To in mutum ya rage jet kaɗan bai yi laifi ba, gyara ma ya yi.

Mai madara na Gadarif: Yauwa Allah ya yi maka albarka, ga mai karatu ya faɗa.

Ɗalibin injiniya, Sinnar: Yaya tsaya ban gama ba, na ce kaɗan. Daga 100 zuwa 98 ko 95 shi ne kaɗan, kai ko ka yi tsalle har 88 ka haɗa da allura. Lissafin shi ne banzin yana ƙonewa ƙurmus idan iska ta ninka shi sau 14.7 a nauyi, amma inji ya fi ba da ƙarfi wajen 12.5 zuwa 13, kuma abin da mutane ba su lura da shi ba, zafin hayaƙi ya fi tsanani ne a kusa da 14.7 ɗin nan, ya'ni daidai inda kake tura injinka in ka rage mai. Motar zamani tana iya zama a wurin don tana da ruwa da kwamfuta mai lura da ita, CG ba shi da ko ɗaya.

Kawu na Mai Wurno: Ku yara kuna ta lissafi, ni bari in ba ku abin da ya same ni. Shekarun baya wani yaro a wani gareji ya yi min irin wannan dabarar, na ji daɗi ƙwarai har ina tura mishi mutane. Farko babur ya fara harbi a salansa in na saki totur, tas tas, na ce ba komai. Sai sulo ya riƙa maƙalewa sama, sai ya ɗau lokaci kafin ya sauko. Daga nan in ya yi zafi na kashe shi sai na yi ta kik kafin ya tashi. Rannan a hanyar Singa da tsakar rana ina ɗauke da buhun albasa ƙarfi ya tafi gaba ɗaya, da aka buɗe kai sai ga bawul ɗin hayaƙi ya ci gefe guda kamar ɓera ya gatsa, kan fistin ya yi ƙuraje. Kuɗin da na kashe ya fi duk man da na yi tsimi, ga kwana tara ba aiki ga iyali. Ɗana ina jin ciwon tsadar man nan kamar yadda kake ji, amma mayar da 100 ɗinka.

Mai madara na Gadarif: Kawu Allah ya ƙara girma. Gaskiya harbin salansa yana yi, amma na ɗauka banzin ɗin kwalba ne da muke saya a bakin hanya.

Usta na Kassala: Na kwalba yana da nasa laifin, wani da ruwa wani da datti, yana toshe ƙaramin jet, shi ya sa nake cewa kowa ya sa ƙaramar matatar mai a tiyo ya riƙa kwance sukurun ƙasan kabureta yana zubar da abin da ya kwanta. Amma gwada wannan da kanka gobe, bayan inji ya yi zafi kana tafiya ka ɗan ja cok rabi. In ka ji babur ya ƙara lafiya ya miƙe, to da bakinsa ya gaya maka yunwa yake ji. In ya shaƙe yana neman mutuwa, ni ne ban yi daidai ba.

Kuma ka san wani abu, babban jet ɗin da kake alfahari da shi ba shi ya yi maka tsimin ba. Kabureta hawa uku ce. Daga sulo zuwa kusan kwatan totur ƙaramin jet ne da sukurun gefe ke aiki, daga kwata zuwa kashi uku cikin huɗu allura ce, babban jet sai ka murɗa kusan ƙarshe yake karɓar ragama. Kai da ke lallaɓa madara a hanyar ƙauye rabin totur kake yi, ke nan allura ce ta rage maka shan mai, shi kuma 88 yana nan yana jiran ranar da za ka buɗe wuta a kwalta da kaya ya ƙona maka kai. Ka ɗau haɗari a inda ba ka samu ko sisi ba.

Mai raksha (keke mai ƙafa uku), Damazin: Ni kam soson iyakilina na cire gaba ɗaya, inji ya fi numfashi ya fi ƙara. Ko shi ma laifi ne?

Usta na Kassala: Malam mayar da shi yau ɗin nan don Allah. Ƙarar ce ta ƙaru ba ƙarfi ba. Habub ɗaya, guguwar ƙurar nan, ya isa ya tura yashi cikin silinda ya cinye ringi, sai hayaƙi mai shuɗi da shan baƙin mai, kuma cire soso ma rage mai ne ta bayan gida tunda iska ta ƙaru. Wanke shi, ya bushe, ka ɗiga mishi baƙin mai ka matse sosai ka mayar.

Ɗalibin injiniya, Sinnar: A nan ne ma nake zargin matsalar yayana ta fara. Soso in ya toshe da ƙura yana shaƙe iska sai inji ya yi ta zuƙar mai, mutum ya ga babur na shan banzin ya ce jet ne. Yaya yaushe rabonka da wanke shi?

Mai madara na Gadarif: Tun kafin damina wallahi. Kuma tunda ana faɗin gaskiya, in na ajiye shi da dare ban rufe famfon tanki ba da safe ina ganin ƙasa ta jiƙe a ƙarƙashin kabureta.

Usta na Kassala: To ga ɓarawon manka nan. Allurar fulot ce ba ta rufewa, banzin yana bin tiyon ƙasa yana zuba duk dare, ƙaramin abu ne mai araha. Bayan shi ɗaga babur a kan tsakiya ka juya tayar baya da hannu, in ba ta juyawa sakat birki na kamawa ko sarƙa ta yi tauri da lakar Gadarif ɗin nan mai danƙo. Duba iskar taya. Sannan bawul, a injin CG125 na Honda wanda ya fito a 1975 kuma waɗannan suka kwaikwayo, tazarar 0.08 ce ta milimita kuma inji na sanyi ake aunawa, da ma'auni ba da kunne ba. Mutane suna son a ɗaure bawul har inji ya yi tsit, alhali CG mai lafiya yana ɗan yin cak cak, wanda ya yi shiru gaba ɗaya shi nake tsoro don bawul ba ya zama da kyau balle ya sauke zafinsa. Fulogi D8EA, tazarar bakinsa 0.6 zuwa 0.7.

Kawu na Mai Wurno: Duk na yarda, amma ni har yanzu ban ga dalilin taɓa jet ba ko da lamba ɗaya. Waɗanda suka ƙera shi ba mahaukata ba ne.

Ɗalibin injiniya, Sinnar: Kawu jet ɗaya suke sawa su tura ƙasashe masu sanyi da masu zafi, ba don Gadarif kaɗai suka auna ba. Ni ina nan kan 95 ba zai cutar ba, in dai fulogi ya shaida.

Mai madara na Gadarif: Toh na ji. Allura zan mayar da ita tsagi na uku na tsakiya, fulot da soso da birki duk zan sa a duba, amma Kawu ka yi haƙuri 100 kam ba zan koma ba tukuna, 95 zan sa in gani. Usta yaya zan yi gwajin fulogin yadda ba zai ruɗe ni ba?

Usta na Kassala: Sa sabon fulogi bayan inji ya yi zafi, ka ɗora jarkokinka cike da ruwa daidai nauyin da ka saba ɗauka, ka hau kwaltar Doka inda hanya ta miƙe ba cunkoso. Giyar ƙarshe, totur a buɗe na ɗan lokaci, sai ka kama kuloci ka kashe makulli a tare ka gangara gefe, kar ka bari ya yi sulo ko kaɗan don sulo yana ɓata launin. Bari ya huce kafin ka kwance, zaren kan injin alminiyam ne yana saurin lalacewa da zafi. Ɗauki hoton bakin fulogin a inuwa, a ga har can cikin farin, ka turo mana.

Mai madara na Gadarif: In sha Allahu ranar Juma'a da hantsi kafin masallaci, ranar ba na kai madara.