Gaiwa ce kakar dabbobi masu ƙafa huɗu?

Malama Hauwa, Kawo:
Assalamu alaikum. Ɗaliban SS2 na tambaya: in daga kifi masu ƙafa huɗu (a kimiyya har da tsuntsaye da mutane) suka fito, gaiwa ce kakarsu ke nan, tun da tana shaƙar iska? Kuma da me za a nuna musu a aji?

Malam Sani, Unguwar Rimi:
Wa alaikumus salam, Malama. Gaiwa 'yar uwa ce, ba kaka ba. Cikin kifayen da ke raye yau, danginta ne suka fi kusa da masu ƙafa huɗu, binciken ƙwayoyin gado ya nuna haka. Amma shaƙar iska kaɗai ba hujja ba ce, tarwaɗa ma tana yi alhali reshenta daban. Abin dubawa shi ne ƙasusuwan cikin fiffike. Eusthenopteron, kifin da ya rayu shekaru kusan miliyan 385 da suka wuce, fiffikensa na da ƙashi ɗaya a sama, biyu a ƙasansa, kamar hannunmu. Tiktaalik kuwa, wanda Neil Shubin da abokan aikinsa suka tono a tsibirin Ellesmere na Kanada a 2004, yana da wuya, da faffaɗan kai, da fiffiken da ke lanƙwashewa ya tokare ƙasa. Shekarunsa kusan miliyan 375. Acanthostega na Girinlan, ɗaya daga masu ƙafa huɗu na farko, har yatsu takwas gare shi, amma a ruwa yake rayuwa. Wannan shi ya fi muhimmanci: ƙafa a cikin ruwa ta samu, kafin fita tudu.

Malam Yakubu, Barnawa:
Malama, sayi fiffiken kaza, ki dafa har naman ya saki, ki wanke ƙasusuwan, ki jera su a kan kwali: ɗaya, biyu, sai ƙananan, kamar tsarin fiffiken Eusthenopteron. Kowane ɗalibi ya taɓa hannunsa ya gwada. Kada a dafa ya wuce kima, ƙananan ƙasusuwan ƙarshe sukan ɓace cikin romo.

Hajiya Binta, Tudun Wada:
A kiyaye zana su a layi ɗaya, wai wannan ya haifi wancan. A 2010 aka bayyana sawun masu ƙafa huɗu a Zachełmie ta Folan, shekarunsu kusan miliyan 390, sun girmi Tiktaalik. Don haka ki zana musu bishiya mai rassa, Malama, ki sa gaiwa a reshenta.