Kuɗin nakasassu na wata-wata: wa ke da ikon ƙara shi?

Ɗan Gumel:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah tambaya gareni ga waɗanda suka san harkar gwamnati. Yayana shan inna ya taɓa shi tun yana ƙarami, da keke yake yawo, kuma yana cikin masu karɓar tallafin nakasassun nan da Sule Lamido ya fara a Jigawa a 2007 da naira 7,000 duk wata. Lokacin wallahi kuɗi ne, har mutane da yawa suka daina yin bara saboda shi. Amma yanzu ko dubu goma ka ba magidanci mai mata da yara huɗu ai sati ɗaya bazai kai ba, ga magani ga gyaran keke. To wai waye ke da ikon ƙarawa, gwamna ne shi kaɗai ko sai majalisa, ko kuwa daga Abuja ne? Kuma nawa kuke ganin ya dace a nema?

Malam na Dutse:
Wa alaikumus salam ƙanina. Shirin na jiha ne, Abuja babu ruwanta, gwamna ke saka shi a kasafin kuɗi majalisar dokokin jiha ta amince, shikenan. Amma bari in ɗan yi maka lissafi dan ka san girman abinda aka rasa. A 2007 mafi ƙarancin albashi a doka naira 5,500 ne, kaga kenan 7,000 ɗin ya fi shi. Dala kuma tana wajen naira 125, wato kuɗin ya haura dala 50, yau kuwa dala 50 ta wuce dubu hamsin nesa ba kusa ba. Litar fetur lokacin wajen naira 70 take, kuɗin wata ɗaya lita ɗari kenan, ka duba inda ta kai tun da Tinubu ya cire tallafi ran 29 ga Mayu 2023, kuma kasan in mai ya tashi gero da masara da kuɗin mota duk sun bi shi.

Su ma'aikata an ɗaga musu zuwa 18,000 a 2011, sai 30,000 a 2019, sai 70,000 a 2024, har aka saka a dokar cewa duk shekara uku za'a sake dubawa, saboda suna da ƙungiyar ƙwadago ta NLC kuma in suka tafi yajin aiki ƙasa tsayawa take. Makaho da gurgu basu da yajin da zasu shiga. Shi yasa ni a ganina kar ku je ku ce a maida mana dubu kaza, in an baku ma nan da shekara biyu tsada ta cinye shi kun dawo gidan jiya. Ku nemi majalisa ta rubuta a doka cewa kuɗin kaso ne na mafi ƙarancin albashi, rabi ko sulusi, duk ranar da albashi ya motsa shima ya motsa ba sai an je roƙo gidan gwamnati ba.

Maman Ikram:
Malam na yarda da lissafinka amma akwai inda ban bika ba. Mutum nawa ne ma a cikin jerin? Adadi aka yanka wa kowace ƙaramar hukuma cikin 27 ɗin nan, wanda bai shiga ba sai dai ya zuba ido, 'yata kurma ce bebiya kuma ko sisi bamu taɓa gani ba. In aka ninka wa waɗanda ke ciki mu na waje fa? Ni dai a fara buɗe rajista tukunna. Sannan dan Allah masu cewa ai akwai dokar tarayya su daina ruɗa mutane, dokar da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta hana nuna wariya, ta ce a ware kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyar shiga, ta kafa hukumar nakasassu ta ƙasa, amma bata yanka wa kowa albashin wata ba.

Ɗan Zangon Kumasi:
Mu nan Gana da kaso akayi, kaman yadda Malam yace. Cikin kuɗin da gwamnati ke tura wa gundumomi an fara ware kashi 2 cikin ɗari na nakasassu daga baya aka ɗaga zuwa 3, sai dai ba duk wata bane, yawanci jari ake bayarwa ko keken ɗinki ko firiza, kuma yana latti sosai. Akwai kuma LEAP, shirin gwamnati na tallafin kuɗi ga talakawa, tun 2008, shi duk wata biyu ake biya. Afirka ta Kudu ce naga sun riƙe abin da gaske, nasu ya haura rand 2,000 a wata kuma duk shekara sai an ƙara wani abu a kasafin kuɗi.

Mai Keke:
Ni abin a jikina yake. Hajiya Maman Ikram kina da gaskiya, amma kar mu bari a raba mu a ce ku zaɓi ɗaya, ƙari ko rajista, duka biyun haƙƙinmu ne kuma takarda ɗaya zata ɗauke su. Abinda mutane basa lissafawa shine rayuwarmu tafi ta mai lafiya tsada, in na tare adaidaita kuɗin mutum biyu nake biya saboda keke, makaho sai ya ciyar da ɗan jagora, kuma yaron nan makaranta ya bari dan ya riƙe sanda, mai ciwon laka ga audiga ga maganin gyambo duk wata. Ɗan Gumel kace wa Yaya kar ya tafi shi kaɗai, ya bi ta ƙungiya, haɗaɗɗiyar ƙungiyar nakasassu ta ƙasa JONAPWD na da reshe a jiha, a haɗa da sarkin makafi da sarkin guragu da na kutare a rubuta takarda ɗaya kowa ya sa hannu, kwafi ɗaya ga ɗan majalisar mazaɓarku ɗaya ga kwamitin kasafin kuɗi. Kuma a yi da wuri, dan ƙarshen shekara gwamna ke kai kasafin majalisa, takardar ta riga shi isa tun wajen Satumba.